Fiyanon da ya zo a cikin bargo

Samarin nan masu gyaran waya da ke layinmu ba sa rabuwa da tsokanata. In suka ga na duƙufa a kan tsohuwar rediyo da mitar auna wuta a hannu, sai ɗayansu ya leƙo ya ce, "Baba Sale, me ake nema haka tun safe? A cire fanel a sa sabo mana." A wurinsu gyara ke nan, ka kwance fanel, wato allon da kayan ciki ke kai, ka yar, ka ɗaura sabo. Ba na jin haushinsu, zamaninsu ne. Amma ina so su ji labarin aikin da ya mayar da ni ɗan koyo da furfurata, don su san akwai kayan da ba su da sabon fanel ko'ina a duniya. Irin waɗannan in ka kashe su, sun mutu ke nan.

A Kaduna na koyi aiki, a wurin maigidana Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a shagonsa ban taɓa rediyon kowa ba. Aikina shara da hura garwashin da muke gasa ƙarfen dalma a ciki, don wuta ba kullum ake samu ba. Da ya fara ba ni aiki kuma, sai ya ɓoye mita a aljihunsa. Ya ce in fara dubawa da ido, in shinshina da hanci, in kasa kunne, in duk sun gaza sannan zai ba ni mita. Na sha ranƙwashi a kan wannan, ga shi yau da shi nake cin tuwo. Da na dawo gida Birnin Gwari na buɗe shago kusa da kasuwa, rediyo da rikoda ne abincina, sai lasifikar masallatai da ta coci-coci in damina ta jiƙa su.

Sai shekarun nan marasa daɗi na 'yan bindiga suka zo. Hanyar Kaduna ta zama sai wanda ya yi sallama da iyalinsa yake bin ta, kayan gyara suka daina zuwa. Mutanen ƙauyukan gefen daji suka cika gari da ƙullin kayansu. Wanda bai san inda zai kwana ba, ina ruwansa da rediyo? Akwai kwanakin da zan buɗe shago in rufe ban narka dalma ko ɗigo ba. Abin da lokacin ya koya mini shi ne kada in yar da komai. Duk mataccen rikoda da aka manta a wurina na farke shi, na tara kayan cikinsa a gwangwanayen madara. Matata takan ce na zama ɗan bola. Waɗannan gwangwanayen ne suka fitar da ni kunya daga baya.

Wata ranar kasuwa, bayan ƙura ta fara lafawa har mutane sun soma leƙa gonakinsu, ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar shagona. A bayansa wata mata ce ta rungume wani dogon abu naɗe cikin bargo, kamar mai kai mara lafiya asibiti. Na san ta sama-sama. Mama Saratu ce, shugabar zumuntar mata ta cocin wani ƙauyen Gbagyi da ke gefen dajin Kamuku, wadda take toya ƙosai a bakin tasha tun da suka yi gudun hijira. Bayan mun gaisa ta ɗora abin a kan teburina ta warware bargon da kanta.

Fiyano ne, amma ba irin na yaran yanzu mai gilashi da ganguna a ciki ba. Gajere ne mai nauyi, gefensa katako, fuskarsa cike da maɓallan murɗawa kamar an jera rediyo goma wuri ɗaya.

"Na babana ne, Baba Ishaya," in ji ta. "Wani tsohon soja mai kiɗa a bariki ya ba shi tun ina yarinya. Da shi yake ja mana waƙa a coci. Ranar da muka gudu, a cikin rumbu ya binne shi a tsakiyar dawa. Shi bai koma ba, a nan garin ya rasu. Makon jiya na je na tono shi."

Na yi mata ta'aziyya, na tambaye ta me take so a yi.

"Lahadin godiya ta kaka za mu koma mu yi sujada a cocinmu, karon farko tun da muka fito. Samari sun ce za su aro sabon fiyano a gari, wannan a ba 'yan gwangwan. Dattawa sun ce in ya yi magana kafin ranar, shi za a kai. In bai yi ba, maganar samari ta tabbata." Ta shafa katakon. "Malam Sale, tsofaffinmu ba sa iya bin sabon nan. Hayaniyarsa ta yi yawa, sai su rasa inda za su kama waƙa su yi shiru. Muryar wannan suka sani."

Na gaya mata gaskiya, ban taɓa buɗe irinsa ba, ban ma taɓa ganinsa ba.

"Babu wanda ya taɓa gani a garin nan," ta ce. "Kai dai ka fi kowa kusa."

Ta tafi ta bar ni da shi. Bargon kuwa tsoho ne mai kauri, ruwan toka, da wani rami a gefe. Na ninke shi na ɗora a kan bencina, don dama katakon bencin ya daɗe yana cin mazaunaina.

Abu na farko da zan gaya wa duk mai son taɓa tsohon kaya shi ne kada ya yi gaggawar jona shi da wuta. Abin da ya kwana shekaru a rumbu, in ka ba shi wuta kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Da na juya shi na tarar ba shi da murfin baya, gara ta cinye tun tuni, sai guntayen katako a jikin kusoshi. Ciki kuwa gari guda ne. Zanzaro ya yi gini a kan fanel, ƙwayoyin dawa sun cika kowane lungu, ɓera ya ɗanɗana wayoyi ya bar shaida. Na yi kwanaki ba abin da nake riƙewa sai burushi da tsinke da ɗan sifirit a murfin kwalba. Gidan zanzaro ba a ɓamɓare shi da ƙarfi, yakan tafi da siririyar hanyar wutar da ke ƙarƙashinsa. Jiƙa shi ake yi kaɗan-kaɗan har ya saki don kansa.

Da cikin ya fito fes, ido ya nuna mini manyan kondensa, 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, na wajen shigar wuta sun kumbura, ɗaya har ta yi amai. Na zazzage gwangwanayena na samo masu ƙarfi daidai da su a cikin kayan wani tsohon rikoda. Na haɗa wayoyin da ɓera ya yanke, launi da launi. Sannan na yi dabarar Malam Tanimu, na sa ƙwan fitila a kan hanyar wutar, yadda in akwai inda wuta ke haɗewa a ciki, ƙwan ne zai haska ya shanye ta, kayan su tsira. Na yi bisimilla na kunna. Ƙwan ya yi ja ya dushe, alamar lafiya. Na danna maɓalli ɗaya, sai lasifika ta saki wani kuka kamar ɗan maraƙin da aka raba da uwarsa. Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni har ya leƙo. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don abin da ya yi kuka yana da rai.

Maɓallan bugawa na bi su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin kowanne akwai siririyar waya da take taɓa wata doguwar sanda, duk sun yi baƙi. Na goge su da takarda mai laushi, ba da sanfefa mai kaushi ba, don sanfefa tana cinye ruwan ƙarfen da aka shafa musu. Duk suka amsa. Sai na lura in na danna biyu tare, ɗaya ne kawai yake magana. Na ce to, ga wata cutar. Na bi wayoyi, na auna, na sake aunawa, na kwana biyu ina farautar abin da ya hana shi haɗa murya. Da Mama Saratu ta zo ranar kasuwa na ba ta haƙuri na ce akwai sauran wannan matsalar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Malam Sale, ai haka Allah ya yi shi. Murya ɗaya gare shi kamar sarewa. Shi ya sa tsofaffi suke jin sa."

Rashin sani ya fi dare duhu. Na gode Allah da ban kai ga farke abin da yake lafiya ƙalau ba.

Ranar ce muka fara saiti. Ni ba makaɗi ba ne, kunnena na rediyo ne, ya san hayaniya da ƙara amma bai san waƙa ba. Ita ce ta nuna mini cewa in an danna maɓallin ƙasa, aka ƙirga aka danna ɗan'uwansa na sama, dole muryoyin su zama kamar uwa da 'ya suna waƙa ɗaya. A cikin fanel akwai wasu ƙananan kusoshin saiti. Kafin in taɓa kowanne sai da na ɗiga masa jan farce a inda na same shi, don in na ɓata in san hanyar gida. Tana rera waƙa tana dannawa, tana ce mini "ya yi sama" ko "ya faɗi", ni kuma ina murɗawa kamar mai ɗaura zare a allura. Kafin hantsi ya yi zafi muka daidaita shi. Ta buga waƙa guda tun daga farko har ƙarshe, ta ce muryar babanta ce sak. Ta ce in riƙe shi in ƙarasa ɗaure-ɗaure, za ta dawo.

Da ta dawo, da rana tsaka ta zo, kwanon shago ya gasu. Ta danna maɓalli uku ta cire hannu.

"Wa ya taɓa shi?"

Na rantse mata ba wanda ya taɓa. Jan farcena ma yana nan yadda muka bar shi. Amma ko ni da kunnen rediyo na ji uwa da 'ya sun raba hanya. Muka sake saiti. Washegari da safe na kunna, ya sake kaucewa, wannan karon ta ɗaya gefen.

Nan fa aiki ya tsaya mini a wuya. Cutar da take zaune wuri ɗaya ba ta da wuyar kamu, wadda take yawo ita ce mai sa furfura. Na zargi kondensan da na sa, na canza su. Na zargi dalmar da ta tsufa, na bi na sake narka ta gaba ɗaya. Na zargi kusoshin saitin, na wanke su. Kullum sai ya yi kamar ya warke, an jima ya koma. Ga kwanaki suna tafiya, an fara yankan dawa. Ɗanlami mai sayen gwangwan kuwa ya mai da ƙofar shagona hanyarsa. Duk ya turo kurarsa sai ya tsaya ya ce, "Baba Sale, yaushe zan zo ɗaukar gawar? An ce tagullar cikinta da auki." Ina dariya muna wasa, amma na ji tsoro ƙwarai kada matar nan ta zo in ce mata na kasa.

Wata rana na danne maɓalli ɗaya da filaya don ya riƙa kuka ba tsayawa, na zauna ina saurare. Zafi ya dame ni na kunna fanka. Ba a jima ba na ji muryar tana zamewa a hankali. Na kashe fanka, ta fara komawa inda take. Na ce alhamdu lillahi, na kama ɓarawo, fanka ce take janye wuta. Na ɗora mita a kan wutar da ke shiga fanel, na kunna fanka, na kashe, na sake kunnawa. Allurar mita ko motsi ba ta yi ba. Wuta lafiya lau, murya kuwa tana yawo. Na ajiye mita na riƙe kai.

A haka Mama Saratu ta same ni, saura 'yan kwanaki Lahadin godiya. Na fara shirya kalmomin ban haƙuri a bakina, sai na ga ba ni take kallo ba, ƙarƙashina take kallo.

"Malam Sale, a kan me kake zaune?"

Na miƙe. Ta ɗauki bargon ta kakkaɓe shi, ranta a ɓace.

"Duk kwanakin nan tsirara ka bar shi? Ni na ɗauka don aikin da kake yi a cikinsa ka cire masa na ɗan lokaci. Baba bai taɓa buga shi ba bargo ba. In an kaɗa ƙararrawar farko sai a ta da janareta, ya kunna shi, ya lulluɓe bayansa da samansa, maɓallan bugawa kawai yake bari a waje. Sai ya zauna ya ɗora hannu a kan bargon ya sunkuyar da kai. Ba ya taɓa maɓalli ko ɗaya sai an kaɗa ta biyu. Ko yara sun san ba a yi masa magana a lokacin, addu'a yake yi."

Na karɓi bargon na shimfiɗa shi a kan tebur. Ramin nan da na ɗauka ɓarnar ɓera ce, sai na ga an bi bakinsa da zare an kalmashe shi tsaf. Ɓera ba ya ɗinki. Na lulluɓa bargon yadda ta kwatanta, ramin ya faɗa daidai kan taransifoma, wurin da ya fi ko'ina zafi, inda dole a bar wa zafin hanyar fita. Sai komai ya haɗu a kaina. Ashe fanka ba wuta take janyewa ba, iska take hura wa cikinsa. Irin waɗannan tsofaffin, abin da ke haifar da murya a cikinsu yana bin ɗumi. In ya yi sanyi murya ta tafi wani wuri, in ya yi zafi ta tafi wani. Tun da gara ta cinye murfin baya, tsohon ya gane haka ya yi masa riga. Ni kuwa na buɗe shi a gaban ƙofa, safiya ta busa shi, rana ta gasa shi, ina saita shi a kan yanayin da ba ya tsayawa.

Muka kunna shi a lulluɓe. Na tambaye ta tsakanin ƙararrawa biyun nan wane irin nisa ne, ta ce kamar a dafa shayi a sha a wanke kofi. Na aika aka kawo mana shayi. Da muka gama na sa hannu a kan bargon na ji ya yi ɗumi kamar jikin mutum. Na zura dogon sukundireba ta ƙarƙashi, tana rerawa ina murɗawa, har uwa da 'ya suka haɗu. Da na leƙa, kusoshin sun koma kusan kan jan farcena na farko, inda Baba Ishaya ya bar su. Na kunna fanka na juya ta kansa, murya ta tsaya cak. Na gwada shi da sassafe, na gwada da rana tsaka, na gwada da la'asar. In dai an ba shi bargonsa da lokacinsa, ba ya kaucewa. Ranar na ci tuwo na ji ɗanɗanonsa.

Da Ɗanlami ya biyo na ce masa gawar ta tashi, ya nemi wata. Ya ce bai yarda ba sai ya ji, na buga masa maɓalli ɗaya ya yi gaba yana dariya.

Ranar Lahadin na ce sai na bi su, don ban yarda da girgizar hanya ba. Muka tafi a kan babura cikin sanyin safiya, fiyanon a cinyar Mama Saratu, jakar kayan aikina a tawa. Ciyawa ta fi wasu ɗakunan ƙauyen tsawo, cocin ma rabin rufinsa iska ta yaye, tagogin babu ƙyaure. Na duba dalma na ga ba abin da ya saki, na jona waya, na fito na zauna a gindin wata ɗorawa kusa da janareta, inda nake hango ciki ta taga. Samarin sun zo da sabon fiyanon aro sun jingine shi a bango, ko da za a yi abin kunya.

Aka daki tsohon ƙarfen taya da suke ratayewa a matsayin ƙararrawa. Mama Saratu ta kunna, ta lulluɓe, ta ɗora hannu a kan bargon ta sunkuyar da kai. Iska tana ta shiga ta tagogin nan, ni kuwa ina kallon bakin bargon yana kaɗawa. Aka daki ƙarfen karo na biyu. Ta danna maɓalli, murya ɗaya siririya ta fito ta tsaya a wurinta. Wata tsohuwa da aka kawo a bayan babur saboda ƙafa ita ta fara kamawa, sauran suka bi ta, har masu tsaye a waje. Ban san abin da waƙar take cewa ba, da Gbagyi suke yi, amma har suka kai ƙarshe ban ji inda ta karkace ba. Fiyanon aro yana jingine a bango, ba wanda ya waiwaye shi.

Bayan an tashi ta kawo mini ruwa da dafaffen gyaɗa a gindin ɗorawar. Na ce mata zan sa kafinta ya yi masa murfin baya, amma ko an yi kada ta raba shi da bargon, a haka muka saita shi. Sai kuma bakina ya ƙi yin shiru, irin na mai sana'a.

"Mama Saratu, kin san hannun nan da Baba yake ɗorawa, ɗumi yake ji. Yana jira ne ya ji ya kai."

"Na sani," ta ce. "Yau da na ɗora nawa na ji lokacin da ya kai." Ta gyara ɗaurin zaninta ta ɗauki kofin. "Amma addu'ar ma yana yi, Malam Sale. Ni ma na yi. Ai lokacin ya ishi duka biyun."